Hamzar da Kwamfuta Ta Haɗiye

Layi goma sha bakwai ne. Na rubuta su da jan biro a bayan kwalin sukari, na kafa shi da ƙusa a bangon ɗan shagon da ke jikin zauren gidanmu, daidai saman tebur. Duk lokacin da kwamfutata ta mutu, sai na bi layukan nan ɗaya bayan ɗaya kafin in taɓa aikin da aka ɗauke ni dominsa. Mutuwa kuwa ba ta yi mata wuya. Batirinta ya daɗe da gama aiki, da wutar sola take rayuwa, solar kuma faifai ɗaya ne a kan rufi da tsohon batirin mota a ƙarƙashin tebur. Hadari ya haɗo, ta mutu. Akuya ta shigo ta ja waya, ta mutu. Ni kaina in na miƙe ƙafa ban lura ba, shi ke nan.

Wanda bai san aikin ba zai zaci kunna kwamfuta shi ne fara aiki. Ina! Akwai wani baƙin allo da muke rubuta wa inji umarni a cikinsa, babu hoto babu ado, rubutu zalla. Taminal ake ce masa. Ni nakan raba shi gida huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa. Gidan farko na rumbun bayanai ne, shi ake fara tasowa. Na biyu na saba ne, wato manhajar da wayoyin mutane ke magana da ita, in ka tashe ta kafin rumbu ya gama farkawa sai ta faɗi. Na uku nan ne kurakurai ke zubowa layi-layi ina dubawa. Na huɗu nawa ne, a nan nake gyara. Kowane gida da hanyar shigarsa da kalmominsa. In hannuna bai yi kuskure ba, minti ashirin ya isa. In ya yi, sai abin da Allah ya yi. A rana nakan yi wannan hidima sau huɗu, da damina har sau shida, don ba na barin ta a kunne in tafi gona.

Ba ni da kwalin makaranta, gara in faɗa tun yanzu. Ina aji uku na sakandare mahaifinmu ya rasu, aka ce wa zai riƙe gona, duk ido ya dawo kaina. Daga baya na yi shekara goma sha wani abu ina buga wa mutane takardu a wani shago a Ɗambatta. Takardar neman aiki, katin biki, da rubuce-rubucen ɗaliban da yau in mun haɗu a tasha sai su kau da kai. Da yawansu ni na gyara musu Turancin. Waya ta zo ta kashe sana'ar. Rubuta manhaja kuwa a bidiyo na koya. Sai in sauke a kasuwa inda sabis ke da ƙarfi, in dawo gida in kalla sau goma, don Turancin mutanen nan gudu yake yi kamar an koro shi.

Wanda ya ɗauke ni aiki wani Alhaji ne mai ɗan ofis a Ungogo. Babarbare ne, kakansa ya zo Kano fatauci ya zauna. Mu kuma asalinmu Fulani ne, ko da yake yau a gidanmu babu mai jin Fulatanci, saniya ma ba mu da ko ɗaya. Tun ranar da ya gano haka bai ƙara kirana da sunana ba, sai bawana. Ni ma da shi nake rama masa. Wata ƙungiya ce ta ba shi aikin manhajar rigakafin dabbobi: ma'aikata su shiga ruga, su yi wa shanu allura, su shigar da bayanin a waya. Ni na rubuta ɓangaren ma'aikatan, ni kuma nake kula da shi daga ƙauye. Sauran mutanen ofis duk masu digiri ne. Ba su taɓa faɗa min magana ba, amma na san yadda suke yin shiru in na buɗe baki.

Ranar da abin ya ɓaci ina gonar gero ina maimai. Alhaji ya kira, ya ce ma'aikata suna wata ruga a bayan Tofa, an tara shanu tun safe, wayoyi sun ƙi karɓar ko suna ɗaya. Na jefar da fartanya na hau keke. Na iso shago da laka a hannu, na kunna, na fara bin layukan kwali. A layi na goma sha ɗaya yatsana ya zame, saba ta faɗi, na koma farko. Ina cikin na biyun ya sake kira, na ɗauka, na manta inda na tsaya. Da ƙyar na haɗa gidajen huɗu. Ina duba gidan kurakurai na ga matsalar a fili, abin da bai kai ya tayar da hankalin kowa ba. Na gyara. Amma kafin nan makiyayan sun gaji da jira, sun kwance shanunsu sun tafi kiwo. Wanda ya san makiyayi ya san sake tara shi ba abu ne na gobe ko jibi ba.

Da yamma ya kira.

"Malam," in ji shi. Daga jin Malam ɗin nan na san yau babu wasa. "Minti arba'in da biyar muka yi muna jiranka. Gyaran kansa minti nawa ne?"

"Biyu."

"Sauran fa?"

"Tayar da inji."

Ina jin ƙarar fankar ofishinsa ta cikin waya.

"To ka saurara. Ko ka dawo Ungogo ka zauna a ofis inda wuta ba ta yankewa, ko ka miƙa ɓangarenka ga wani. Ba zan sake jin kunya irin ta yau ba. Ranar kasuwar Ɗambatta ta sama zan shigo, zan biyo ta gidanka in ji amsa."

Kwana tara ke nan ya ba ni.

Ungogo ba ƙarshen duniya ba ce, amma ni ba zan iya zuwa ba. Inna, mahaifiyata, shekararta uku ke nan ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Mai ɗakina ce ke yi mata wanka da ba ta abinci, Allah ya saka mata, amma ɗagawa tawa ce. Da safe in fito da ita rumfa, in rana ta juya in matsar da ita, da magariba in mayar da ita ɗaki. Ba ta yarda wani ya ɗauke ta. Ƙanina ya gwada sau ɗaya, ta ce yana ɗaukarta kamar buhun taki. Zancen a kai ta birni kuwa, ta riga ta faɗa mana daga ɗakin nan sai makabarta. In kuma na ce in riƙa zuwa kullum ina dawowa, bas ce za ta cinye ranar. Aikin nan shi ne abu ɗaya tak da na samu a rayuwata wanda ba da ƙarfin gadon baya nake yinsa ba, kuma a shekaruna babu wanda zai sake ɗaukar mara kwali. Ban gaya wa Inna komai ba.

Gaskiyar da ba na son faɗa ita ce, na san maganin tuntuni. Na taɓa gani a bidiyo. Ana iya zuba duk umarnin nan a fayil guda, a raɗa masa suna, in ka kira sunan sai inji ya raba allon da kansa, ya shiga kowane gida, ya tayar da abin da ke ciki bi da bi. Na gani na wuce. Tsoro ne ya hana ni. Abin da hannuna ya yi na san shi, in ya lalace na san inda zan taɓa. Abin da inji ya yi a bayan idona kuwa, in ya lalace wa zan tambaya? Akwai kuma wani abin kunya a ƙarƙashin wannan. Layukan nan goma sha bakwai suna sa ni jin cewa na san wani abu mai wuya. Wanda aka fitar daga makaranta yana riƙe irin wannan da hannu bibbiyu.

Yanzu dai babu zaɓi. Kwana uku na yi ina rubuta fayil ɗin, tsakanin azahar da la'asar in na dawo daga gona. Na kwafe layukan kwali tsaf, na ƙara waɗanda ke raba allo, na sa saba ta jira rumbu na ɗan lokaci. Na raɗa masa suna tashi. Na yi bismilla na rubuta kalmar, na danna.

Allon ya tsage gida huɗu da kansa. Wallahi sai da na ja kujera baya. Gidajen ƙasa biyu suka hau aiki daidai. Na ɗaga ido sama, murna ta koma ciki. Gidan saba ya fito da wata 'yar alama kamar bakin tsuntsu ya tsaya, bai ce e ba bai ce a'a ba, jira kawai yake. Gidan rumbu kuwa ya rubuto da Turancinsa cewa wurin da na tura shi babu shi.

Babu shi? Wurin da nake shiga sau shida a rana? Foldar aikin sunanta ma'aikata, a cikinta akwai wata ana ce mata ma'ajiya, nan rumbun yake. Ni na raɗa musu sunayen da hannuna. Na shiga da hannu kamar kullum, ƙofa ta buɗe. Na kira tashi, aka ce babu.

Kwana huɗu na yi a kan wannan. Na gwada fayil da kwali harafi da harafi, babu bambanci. Na ƙara lokacin jira. Na cire manhajar raba allon na sake sakawa. Na hau keke na je bakin titi inda sabis ke kamawa na yi bincike, na karanta amsoshin mutanen da matsalarsu ba tawa ba ce. Babu wanda ya ambaci abin da ke damuna, kuma daga baya na gane dalili. Sau biyu na ɗauki waya zan kira ofis in tambaya, sai in tuna wanda zan tambaya shi ne wanda za a miƙa wa aikina. In ajiye. Gero yana can ciyawa tana cinsa. Mai ɗakina ta kawo min fura na ce ta ɗauke, ta ce ba ita ta ƙera injin ba, in sauke fushina a kansa.

Ana gobe kasuwa, da hantsi, na zauna gaban allon ba ni da sauran dabara. Tagar shagon tana kallon rumfar da Inna ke kwance. Don haushi kawai na ɗora yatsa a kan saƙon, na fara karanta shi da ƙarfi, gaɓa-gaɓa, yadda ɗan aji biyu ke yi, ina kwaikwayon injin.

"Babu. Maai, kata. Maa, jiya."

"Kai," in ji Inna daga rumfa. Bakinta ya ɗan karkace tun ciwon, amma kunnenta ko allura ta faɗi tana ji. "Da wa kake magana?"

"Da inji, Inna."

"Injin ne Bature ko kai? Ma'aikata ake cewa. Ma'ajiya. Furfura a gemu ka fara haɗiye magana kamar mai cin tuwo da zafi."

"Ai ba ni ba ne, haka ya rubu..."

Ban ƙarasa ba. Na matso da fuskata har hancina ya kusa taɓa allon. Maaikata. Maajiya. Babu hamza. Wannan ɗan waƙafin da muke ratayawa a sama, inda murya ke ɗan tsayawa a maƙogwaro, babu shi a kalmomin biyu. Kwana huɗu ina kallon saƙon nan, idona yana mayar da hamzar da kansa, don Bahaushe ba ya ganin maaikata, ma'aikata yake gani. Sai da tsohuwar da ba ta taɓa riƙe biro ba ta ji gurbin da kunne.

Daga nan abin ya warware kamar zare. A wurinmu hamza harafi ce. A wurin taminal kuwa alamar buɗe zance ce, in ya gan ta sai ya riƙe duk abin da ya biyo baya har sai ya ga 'yar'uwarta da za ta rufe. Gidan saba ma'aikata kawai na tura shi, hamza ɗaya, shi ya sa ya buɗe baki ya tsaya jiran ta biyu, kuma da zai jira har tashin duniya. Gidan rumbu kuwa hamza biyu ya gani, ta ma'aikata da ta ma'ajiya, sai ya ɗauke su buɗewa da rufewa, ya haɗiye su duka, ya tafi neman wurin da babu shi. Waɗanda suka ƙera abin ba su da ma'aikata a harshensu, ba su da 'ya'ya, ba su da jama'a. Wa zai rubuta min amsa?

To me ya sa da hannu nake shiga lafiya? Saboda ban taɓa rubuta sunan duka ba. Nakan buga ma, in danna maɓallin da ke ƙarasa suna, inji ya ƙarasa. Kuma duk lokacin da ya ƙarasa yakan sa wata 'yar karkatacciyar sanda a gaban hamzar. Shekara uku ina ganinta. Na ɗauka ɗabi'ar inji ce kawai, ban taɓa tambaya ba. Ashe ita ce ke gaya masa wannan harafi ne, kada ka taɓa. A kwalina kuwa Hausa mai kyau na rubuta, babu sanda, kuma kwalin na kwafa.

Hanya biyu ce a gabana. Ko in canza sunan foldar in cire hamza, ko in sa sandar. Na farkon ya fi tsafta, kowane mai digiri shi zai ce a yi. Sai na tuna malaminmu na Hausa a firamare, wani dogo mai jan ido, da ya sa ni rubuta 'ya'ya sau hamsin a ƙasa da tsinke, a rana, don na bar hamza ɗaya. Ɗan karatun da na samu bai da yawa, ba zan zubar da shi don in faranta wa inji ba. Na sa sanda a wuri uku.

Na rubuta tashi. Allo ya tsage. Rumbu ya farka, saba ta ɗan jira ta bi shi, kurakurai suka fara zubowa a gidansu, nawa gidan yana buɗe yana jirana. Na zauna ina kallo. Ban yi ihu ba. Na sunkuya na cire wayar wuta da hannuna, allon ya mutu. Na mayar, na kunna, na rubuta kalmar. Ya tashi. Na sake. Sau biyar na yi.

"Lafiya kake kashewa kana kunnawa?" in ji Inna.

"Lafiya lau, Inna."

"Da dai gona ka tafi."

Na tafi gonar kuwa.

Alhaji ya iso bayan azahar ranar kasuwa, da rago ɗaure a bayan mota yana kuka. Ya shiga ya gaida Inna, ya durƙusa har ƙasa, wannan ba zan hana shi ba, yana da ladabi. Sannan ya shigo shago ya tsaya, ya ƙi zama.

"To Malam, me ka yanke?"

"Ga waya can ƙarƙashin tebur. Cire ta."

Ya dube ni.

"Cire mana. Ko babbar rigar ce ba ta sunkuyawa?"

Ya tattare riga ya sunkuya ya fizge. Allon ya yi baƙi. Na ce ya mayar, ya kuma duba agogonsa. Na kunna, na jira ta buɗe ido, na buga harafi biyar. Gidaje huɗu suka jeru, kowanne ya kama aikinsa. Ya dubi agogo, ya dubi allo.

"Bai kai minti biyu ba," in ji shi.

"Har da kunnawar."

"Tashi in gani. Wataƙila wani abu ka ɓoye."

Na ba shi kujera. Ya sake cire wayar da kansa, ya mayar, ya kunna. Ya tambayi kalmar, na faɗa masa. Da yatsa ɗaya ya buga ta, yana neman haruffa kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Allon ya yi masa abin da ya yi min. Ya jingina da kujera.

"Daga gonarka zuwa nan fa?"

"Minti biyar a keke. In ka kira sau ɗaya ka bar ni in yi aiki, ba kira a kan kira ba."

"Shekara nawa ka yi kana bin wancan kwalin?"

"Uku."

"Uku!" Ya tafa hannu. "Bawana, kai dai Bafulatani ne har ƙashi. Ga mota a tsaye, ku sai kun taka da ƙafa kuna riƙe da sanda."

Bawana. Malam ya kau, wasa ya dawo ke nan.

"Ofishinka cike da masu kwalin digiri," na ce, "wa ya taɓa ce min ga motar? Babarbare in ya ga abu ya yi kyau sai ya ce dama ya sani."

"Ka iya bakinka, ubangidanka kake wa magana."

"Ubangijin bawa ba ya sunkuyawa ya cire masa waya sau biyu."

Ya yi dariya har hularsa ta zame. Da ya gama ya gyara ta, ya ce in tura fayil ɗin ofis, don su ma kullum da safe haka suke zama suna bugawa da hannu. Wannan ban san da shi ba. Da digirinsu da fankarsu. Na ce zan tura, amma su kula da hamza. Ya ce wace hamza kuma? Na ce su tambaye ni in sun maƙale.

"Zauna a dajinka," in ji shi a bakin mota. "Zan aiko maka da batir. Amma wallahi in makiyaya suka sake kwance min shanu, ni da kai ne."

Bai ce sannu ba, bai ce ka yi ƙoƙari ba. Ban sa rai ba dama. Na tsaya a ƙofar gida har kukan ragon ya ɓace a kan hanya. Ba murna na ji ba, wani abu ne mai kama da lokacin da ka sauke dami daga ka, wuya na ciwo amma iska na shiga.

Na shiga cikin gida. Inna tana rumfa, idonta a rufe, na zaci barci take.

"Wannan ne mai son kai ka birni?" in ji ta.

Na tsaya cak. "Wa ya gaya miki?"

"Tagar nan taka ƙyaure gare ta? Kwana tara kana magana kai kaɗai." Ta buɗe ido. "Ya fasa?"

"Ya fasa, Inna."

Leɓenta ya ɗan motsa. Sannan ta miƙo min hannunta mai lafiya.

"To zo ka ɗaga ni. Rana ta iso ƙafata tun ɗazu."